Ƙahon Akuya a Gindin Raga

Sammani ya iya tsaron gida tun kafin ya taɓa ganin raga da idonsa. A zangon Djougou, inda aka haife shi, 'ya'yan mahauta kan roƙi mafitsarar saniya a kwata, inda ake yanka, su wanke ta, su hura mata iska, su ɗaure bakin da zare, su yi ta bugu har ta fashe. Duwatsu biyu ake ajiyewa a ce su ne gida, shi kuma kullum shi ake tsayarwa a tsakaninsu, domin hannunsa ya saba riƙe dabba in ubansa zai kayar da ita, abin da ya kama ba ya kuɓucewa. In damina ta sauka sai a tura shi Pélébina wajen kawunsa mai sayen shanu, ya yi watanni a bakin rafi tare da Fulani, ƙananan ƙudajen nan na bakin ruwa suna cizonsa, yana susa yana ci gaba da wasansa.

Bayan samun 'yancin kai, lokacin ƙasar tana amsa sunan Dahomey, kowane gari ya so a ce yana da ƙungiyar ƙwallo tasa. A Parakou wani mai manyan motoci, Alhaji Abdulgani, ya tara samari daga cikin 'yan lodi da kanikawan unguwar Gare, inda jirgin ƙasa daga Cotonou yake tsayawa ya juya, ya sa musu suna Tauraron Gare. Wata rana ya kai su wasa Djougou, suka yi ta harbi har ƙafafunsu suka gaji, wani dogon saurayi mara takalmi ya hana su ci. Kafin motarsu ta tashi Alhaji ya nemi gidansu, ya je ya gai da mahaifinsa. Tsohon ya ce shi dai bai taɓa jin ƙwallo sana'a ce ba. Alhaji ya ce zai mayar da ita sana'a: Sammani zai sami ɗaki da albashi kamar kowane ma'aikacin garejinsa, aikinsa kuwa ɗaya ne, ya tsare raga.

Haka aka yi. Aka ba shi ɗaki a unguwar Kpébié. Da ya auri Turai Alhaji ya ƙara masa wani, ya sa aka kewaye musu da zana, a nan aka haifi 'yarsu Fatimatu. Duk abin da ke gidan nan, daga tabarma har rufin kwano, ragar ce ta kawo shi, kuma Sammani bai taɓa mantawa da haka ba. Bai iya tuƙi ba, bai iya kanikanci ba, bai shiga lakwal ya yi karatun boko ba.

Shekarun farko shekaru ne masu daɗi. Sun je Kandi, sun je Natitingou, sun shiga jirgi sun sauka kudu sun kara da ƙungiyoyin Cotonou da Porto-Novo a filaye masu ciyawa, inda Sammani ya fara sanin cewa mutum yana iya faɗuwa ya tashi ba tare da ya ƙuje ba. 'Yan kallo suka sa masa suna Garu. Ba mai tsalle-tsallen burge mutane ba ne, yakan je ne ya tsaya inda ƙwallo za ta zo, ita kuma ta zo ta same shi. Wata ƙungiyar kudu ta neme shi, ya ce ya gode, mutanensa suna arewa.

Da ya kafu, shi da kansa ya koma Djougou ya ɗauko Awwalu, ɗan maƙwabcinsu, ya ce wa Alhaji ƙungiya ba ta zama da mai tsaron gida ɗaya. Awwalu magidanci ne mai mata da goyo, mutum mai shiru-shiru, ba ya kiran Sammani da wani suna sai Yaya. Ya yi shekara da shekaru yana zaune a kan benci yana kallo, ba a taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Filin ƙungiyar a bayan tasha yake, jar ƙasa ce babu ciyawa, gaban raga yakan zurma saboda yawan faɗuwa har ya zama rami. Al'adarsu ita ce mai tsaron gida na biyu shi ke cike ramin. Don haka duk yamma, in kowa ya watse, Awwalu kan tsaya shi kaɗai da fartanya da bokitin yashi yana daidaita wurin da Yayansa zai faɗi.

Filin babu fitila. Ana fara wasa da an sallame la'asar, a gama kafin a kira magariba. Kyaftin ɗinsu Ishaƙu, mai tsaron baya, aminin Sammani ne, kuma duk lokacin da zaɓin gefe ya faɗo masa yakan zaɓa yadda bayan hutu Sammani zai tsaya a ragar yamma, ta wajen babban siton tasha, don rana ta kasance bayansa kada ta soke masa ido. Da kyakkyawar niyya yake yi. Sai dai inuwar siton tana rufe wannan ragar tun sauran filin yana da haske.

A gida abin ya fara. Wata yamma Sammani ya shigo ya yi tuntuɓe da turmi, Turai ta yi dariya ta ce turmin nan tun ranar tarewarta yake nan, sai yau suka gaisa. Shi ma ya yi dariya. Amma ya lura da rana yana gani sarai, in hantsi ne har ƙudan da ke kan igiyar shanya yana hangowa, da rana ta yi ƙasa kuwa sai abubuwa su fara narkewa daga gefe-gefe, kamar an shafa wa duniya toka. A fili kuma, can kusa da tashi, ƙwallo takan bar ƙafar mai harbi ta ɓace, ba ya sake ganinta sai ta zo dab da shi. Ya koyi sauraron ƙarar bugu. Ya koyi karanta kafaɗar mai harbi. Ya daɗe yana rufa wa kansa asiri da wannan, domin gwani ne, amma daga baya ƙwallaye suka fara wucewa.

Masu zaman teburin mai shayi a bakin tasha su suka fara haɗa lissafin. Me ya sa ba a cin Garu sai wasa ya kusa ƙarewa? Me ya sa kullum a raga ɗaya, ta wajen sito? Mutumin da 'yan Cotonou suka kasa ci, yau ƙwallon da ba ta da ƙarfi take wuce shi? Ba wanda ya kawo maganar ido, domin sun gan shi da safe yana tare harbin da ba a iya tarewa. Abin da suka tsaya a kai shi ne an yi wa ragar nan aiki.

Washegarin wata rana da aka ci su a gida, Alhaji ya zo filin da sassafe da 'yan wasa da wasu magoya baya. Ishaƙu ya ɗauki diga ya fara tonon gindin sandar ragar yamma. Bai yi nisa ba digar ta bugi wani abu. Ya sa hannu ya zaro ƙahon akuya, baƙi, ƙasa ta cika cikinsa. Mutane suka ja da baya suna salati.

Sammani yana tsaye a wurin. Shi ɗan mahauta ne, tun zuwansa Parakou abokan ubansa na kasuwar nama suka gaya masa cewa filin nan tsohuwar kwata ce kafin a shimfiɗa hanyar jirgi. Ya san duk inda aka sa diga a wurin nan za a tono ƙaho ko kofato. Ƙahon ma babu fata a bakinsa, babu zare, babu komai. Har ya buɗe baki zai faɗa, sai Alhaji ya dafa kafaɗarsa.

"Alhamdu lillahi," in ji Alhaji. "Ashe ba kai ba ne, Garu. Wallahi har na fara tunanin ko ƙarfinka ya ƙare."

Sammani ya rufe bakinsa.

Aka naɗe ƙahon a tsumma aka kai wa Malam Salihu, limamin masallacin 'yan tasha, dattijo mai koyar da yara karatu. Ya juya shi, ya zazzage ƙasar, ya leƙa ciki. Ya ce shi dai abin da ya gani ƙahon akuya ne, wadda aka yanka aka cinye namanta tun da daɗewa, kuma yana jan kunnensu kada su ɗora wa wani abin da ba su gani da ido ba. Suka yi godiya suka fito. Tun a bakin ƙofa wani ya ce Malam ya tsufa, ba ya son rigima ne kawai. Wani kuma ya yi tambayar da kowa yake riƙe da ita a ciki: wa ake gani kullum da fartanya a gindin ragar nan bayan kowa ya tafi? Kuma wa zai amfana in aka sauke Garu?

A gareji Alhaji ya kira Awwalu, gaban 'yan wasa duka. Awwalu ya saurari maganar har ƙarshe. Ya ce yashi yake zubawa, kamar yadda aka sa shi tun ranar da ya zo, ya rantse bai taɓa ganin ƙahon nan ba. Ishaƙu ya ce mai yin irin wannan aiki ai rantsuwa ba ta yi masa wuya. Awwalu ya juya wajen Sammani.

"Yaya, kai ma ka yarda?"

Sammani ya dubi ƙasa. Ya ga man mota da ya zuba a wurin, ya ga ƙafafun mutane. Ya tuna ɗakuna biyun nan na Kpébié.

"Allah ne masani," ya ce.

Awwalu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce to. Kafin mako ya zagayo ya sa matarsa da ɗansa da 'yan komatsansu a bayan motar da ke kai gishiri Djougou. Labarin ya riga shi isa. Mahaifin Awwalu ya daina gaisawa da gidan su Sammani, gidajen da katanga ɗaya ta raba. Ƙungiyar garin, Zumunta, ta ɗauke shi domin ba ta da mai tsaron gida, wasu magoya bayanta ma har murna suke, wai sun sami mai asiri a ragarsu.

Wasan da ya biyo baya a Parakou an fara shi da wuri saboda baƙin suna son kama jirgi, aka gama rana tana sama, ba a ci Sammani ko ɗaya ba. Aka ɗauke shi a kafaɗa har bakin titi. Kowa ya ce ka gani, an cire abin, Garu ya dawo.

Ranar ya dawo gida ya tarar Turai tana tankaɗe. Ta yi masa barka, ta kawo masa ruwa, ta koma ta zauna. Can ta ce matar Awwalu ta bar mata tukunyarta ta miya ta ce ta riƙe, ita kuwa ta kasa ɗora ta a wuta.

"Baban Fatimatu," ta ce, "kullum in la'asar ta yi ni nake kawar da turmi da kujera daga hanyarka. Ka daina tuntuɓe ne don na share maka hanya, ba don ka warke ba."

Ya ajiye kwanon ruwan, ita kuma ta ci gaba.

"Ba zan faɗa wa kowa ba. Amma bawan Allahn nan bai yi maka komai ba."

"In na faɗa, ina za mu zauna?" ya ce. "Me na iya?"

Ta ce ba ta sani ba. Ta ci gaba da tankaɗenta, ba su sake maganar ba, amma daga ranar ta daina yi masa barka in sun ci wasa.

Malam Salihu ma ya gane. Wata magariba an fito daga masallaci, ya ga Sammani a bakin ƙofa yana lalube da ƙafa cikin tarin takalma, yana yi kamar yana jiran wani. Dattijon ya sunkuya ya ɗauko masa nasa ya ajiye a gabansa, ya jira mutane suka ragu. Ya ce masa a hankali dundumi ba abin kunya ba ne, ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma akwai likitocin ido, gara ya je tun da sauran gani. Ya ƙara da cewa akwai wani haƙƙi kuma da likita ba ya cirewa. Sammani ya ce, Allah gafarta Malam, in sha Allahu da an gama wasannin bana. Da aka gama na bana sai ya ce na baɗi. Likita zai rubuta, maganar za ta isa gareji, wannan shi ne abin da yake gudu.

Ya ci gaba da tsaron raga da dabara. Ya roƙi Ishaƙu ya daina zaɓar masa ragar sito, wai zuciyarsa ba ta kwanta da ita ba tun abin da ya faru, Ishaƙu ya ce ya fahimta. Yakan matsa wa alƙalin wasa a fara da wuri. In an ci shi kusa da tashi, mutane kan ce sauran aikin ne bai gama sakinsa ba. Alhaji bai ɗauki wani mai tsaron gida na biyu ba, ya ce ya ga abin da na biyu ke jawowa. Ramin gaban raga kuwa ya yi ta zurfi, Sammani yana faɗawa ciki.

A damina ta biyu bayan tafiyar Awwalu, wasan da zai fitar da wakilin arewa ya faɗo tsakanin Tauraron Gare da Zumunta, kuma a Djougou za a yi. Suka tashi da hantsi cikin motar Alhaji, magoya baya a wata motar a baya. A hanya ruwa ya cinye wani kwalbati, sai da suka sauka suka yi ta jera duwatsu da itace kafin motocin su haye. Da suka isa an daɗe da yin la'asar, filin ya cika, hadari kuma ya haɗo daga gabas.

Alƙalin wasa ya kira shugabannin biyu ya tambaya ko a ɗaga zuwa gobe. Mutanen Djougou suka ce su duk ɗaya ne. Alhaji ya waiwayo ya ce, "Garu, ça va? Za ka iya?" Sammani ya dubi sama. Ya dubi bakin fili, inda yayyensa da abokan ƙuruciyarsa suka jeru sun zo ganin ɗan unguwarsu. Can ɗaya ƙarshen Awwalu yana tsaye cikin baƙar riga yana buga ƙafa a ƙasa. Ya ce zai iya.

Kafin hutu ya yi wasan da ya daɗe bai yi irinsa ba. Akwai wata da aka buga da ka daga kusa, ya miƙe ya ture ta da yatsu ta haye sanda, har 'yan Djougou suka manta suka tafa masa. Aka tafi hutu ba ci. Da aka dawo hadarin ya rufe rana gaba ɗaya. Ruwan bai sauko ba, duhun ne kawai ya sauko. Sammani ya ga 'yan kallo sun zama baƙin layi ɗaya, sannan 'yan wasan tsakiyar fili suka shige cikin layin. Ya kasa kunne. Ya tare ɗaya da ƙirji don ya ji bugunta, ya tare wata da sa'a.

Wadda ta shiga ba harbi ba ce ma. Wani ɗan Zumunta ne ya so miƙa wa ɗan'uwansa, ƙafarsa ta zame, ƙwallon ta gangaro a hankali cikin ihun mutane, ba a ji bugunta ba. Ishaƙu ya bar ta don ya san Garu zai ɗauka. Sammani yana tsaye a sunkuye, hannuwa a buɗe, yana kallon hagu, ta bi ta damansa, kusa da ƙafarsa, ta kwanta a raga. Bai sani ba sai da ihun ya canza.

Filin ya ɗan yi tsit kafin murnar ta tashi, domin kowa ya ga yadda ta shiga. Daga wajen mutanen Parakou wani ya ɗaga murya ya ce Awwalu ya ɗaure shi, ga shi nan kowa ya gani. Maganar ta bi layi. Da aka busa tashi wasu suka fara tsintar duwatsu, 'yan Djougou suka taso su tare, dattawa suka shiga tsakani.

Sammani bai ga ko ɗaya daga wannan ba. Ya ja da baya har ya taɓa sandar raga, ya riƙe ta. Bai san ta ina ƙofa take ba. Yana jin mutane suna gudu ta gabansa, ba wanda ya kula da shi. Can ya ji an tsaya kusa da shi, ana haki.

"Yaya, ni ne. Kama hannuna."

Ya kama. Hannun duk ƙasa ce da gumi.

"Ka sani?" in ji Sammani.

"Ni nake buga maka balo kana tarewa kullum yamma kafin a watse. Na sani tun kafin a tono ƙahon."

"Me ya hana ka faɗa ranar?"

"Da na faɗa, cewa za a yi wurinka nake so. Kuma na ɗauka kai za ka faɗa."

Ba da zafi ya yi maganar ba. Suka yi 'yan taku, Awwalu yana gaya masa ga rami, ga igiya. Sammani ya ce kada ya kai shi mota, ya kai shi wajen Alhaji.

Alhaji yana bakin fili cikin mutane ana ta cacar baki. Da aka ga su biyun riƙe da hannu sai hayaniyar ta lafa. Sammani bai saki hannun ba. Ya ce idonsa ne. Ya ce shekara da shekaru in rana ta yi ƙasa ba ya gani, ko yanzu muryar Alhaji kawai yake ji, fuskarsa ba ya gani. Ya ce filin Parakou tsohuwar kwata ce, duk wanda ya so ya je gobe ya tona tsakiyar fili zai sami ƙaho. Ya ce ya san haka tun ranar, ya yi shiru don tsoron a sauke shi, Awwalu kuwa yashi kawai yake zuba masa don kada ya ji ciwo.

Alhaji ya yi salati. Ishaƙu ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Sai wani daga baya, cikin murya mai tausayi, ya ce Allah sarki, ashe har idon aka taɓa masa. Wani ya amsa ya ce ai dama haka irin aikin nan yake, ta ido yake kamawa, ga shi har ya sa shi yana wanke wanda ya cuce shi.

Sammani ya juya wajen muryar ya ce ba haka ba ne, ya sake faɗa daga farko. Suka saurare shi da ladabi. Ya ji Awwalu ya zare hannunsa daga nasa a hankali.

Wannan ne wasansa na ƙarshe. Alhaji ya yarda da maganarsa, ya aika Djougou a ba Awwalu haƙuri, ya ce in yana so ya dawo ragar tasa ce. Awwalu ya ce ya gode, ba zai iya tsayawa gaban mutanen nan ba. Ishaƙu ya je da kansa, Awwalu ya karɓe shi, ya ba shi ruwa, suka gaisa, maganar ba ta wuce haka ba.

Likitan da aka kai Sammani wurinsa ya duba shi ya tambaya ko ya taɓa zama a bakin rafi. Ya ce cutar ta daɗe a jikinsa, da ya zo da wuri da an rage mata gudu, yanzu sai dai a lallaɓa abin da ya saura. Ɗakunan Kpébié na mai tsaron gida ne, da aka kawo sabo daga kudu sai suka tashi. Alhaji bai yar da shi ba, ya ba su ɗaki ɗaya a bayan gareji, ya sa shi zaman bakin ƙofa da rana, yana buɗe wa motoci. Turai ta fara tuyar ƙosai a bakin tasha. In la'asar ta yi Fatimatu kan zo ta tafi da shi gida.

Mutane sukan tsaya su gaishe shi, har yanzu Garu suke ce masa. Duk wanda ya kawo maganar ƙahon, Sammani kan zaunar da shi ya gaya masa yadda abin yake, ba ya gajiya. Wasu sun yarda. Mafi yawa kan girgiza kai su ce mutumin kirki ne, har yau yana rufa wa yaron nan asiri.

Awwalu bai daɗe a Zumunta ba. In ya tare sai a ce aikinsa ne, in an ci shi sai a ce alhaki ne. Wata rana ya ajiye rigar, ya kwashe iyalinsa ya yi arewa, bai gaya wa kowa inda za shi ba. Sammani yakan tambayi direbobin da ke kai kaya bakin iyakar Nijar. Wani ya ce ya ga mai kama da shi a Malanville yana ɗora buhunan albasa, dogo, mara magana, amma bai tabbatar ba. Sammani ya ce in ya sake ganinsa ya tsaya ya tambayi sunansa, in shi ne, ya ce Yayansa yana gaishe shi. Direban ya ce to, ya ja motarsa, Sammani ya tashi ya lalubi ƙofar ya rufe.